Jujina da Saniyar Ƙawata

Tsintsiyar kakata ce ke tashinmu daga barci, tun zakara bai gama shawarar yin cara ba. Za ki ji ta daga bakin turken awaki, shaf, shaf, shaf, ba ta sauri kuma ba ta hutawa, har ta zagayo gindin rumbu. In ƙarar ta iso ƙofar ɗakinmu ba ki fito ba, to tsintsiyar za ta bar ƙasa ta koma gadon bayanki. Ni ce babba a jikokinta mata, don haka ni na gaji sharar gidan tun ban iya ɗaukar tulu ba. Yanzu na tsufa, ido ya yi hazo, gwiwa sai da lallashi, amma har yau in na farka da asuba nakan kasa kunne kamar zan ji ta. Abin da nake ji shi ne ledojin da iska ta maƙala a jikin darni suna fatar-fatar, sai in ja mayafi in rufe kaina.

A ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni, a lokacin da nake faɗa, ban san wani abu wai shi abin zubarwa ba. Komai yana da inda za shi. In an yi surfe, dusa ta awaki ce, ruwan tsari kuma na tunkiya mai shayarwa. Ƙanzon tukunya a shanya shi, ranar da aka wayi gari ba a ɗora komai ba a jiƙa a sa mai da yaji. Ƙaiƙayi a cuɗa shi da ƙasa a yi yaɓe. Toka a tace ta a sa ruwan a miya, in ta yi yawa a dafa sabulu. Ƙwarya in ta tsage sai a jira gyartai ya biyo ta ƙofar gida da kiransa, ya ɗinke ta tsaf. In ta wuce ɗinki ta zama sakaina, a riƙa kwasar shara da ita. Tukunya in ta fashe, babban ɓarin na ruwan kaji ne, ƙaramin na ɗebo wuta a maƙwabta. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama gammo, gammo ya ƙare a tsumman sauke tukunya. Daddawa a ganyen kalgo take zuwa, naman kasuwa a igiyar kaba ake rataye shi, man gyaɗa kuwa kowa da kwalbarsa yake zuwa awo. Abin da ya rage bayan duk wannan, kashin awaki da ɓawon gyaɗa da tokar da aka gama tacewa da ƙurar tsakar gida, shi ke tafiya juji a bayan gida.

Jujin nan ruwa ya doke shi, rana ta dafa shi, kaji su yi ta tona suna neman gwazarma. Da damina kabewa kan fito a kansa ita kaɗai, ba wanda ya shuka ta, kuma ta fi ta gona zaƙi. Kafin bazara ya zama baƙi wuluk, mai laushi, in kin cusa hannu ki ji ɗumi. Sai babana ya ɗaura wa jakuna mangala a fara jigilar taki. Tun safe za ki ji ƙarar sanda da "kur, kur", jakai na fita da kaya suna dawowa fayau, gona kuwa ta cika da taki tsibi-tsibi tana jiran ruwan farko. Kakata kan ce in za a nemi aure a gida a fara leƙa jujinsu, domin matar da jujinta ya rame rumbunta ma ba zai yi ƙiba ba. Mu muna dariya, ita kuwa da gaske take.

Ranar da na gane da gaske take, ƙiwa ce ta kama ni. An ce in kai tokar murhu juji, na ga nisa, na ɗaga ƙwaryar na watsa ta saman darni, ta sauka a jujin maƙwabciyarmu. Da hantsi kakata ta leƙa bayan gida ta dawo.

"Ke, ina tokar jiya?"

"Na zubar, Iya."

"A ina?"

Na nuna saman darni. Kunnena ta kama, muka fita ta zaure muka zagaya. Maƙwabciyar tana daka, ta ji abin da ke tafe da mu, ta jingine taɓarya.

"Haba Iya, abin da ya faɗo jujina ai nawa ne."

"To ranar da ɗan akuyata ya tsallako jujinki, shi ma ki yanka."

Haka na durƙusa a jujin mutane da sakaina ina kankaro toka, matan unguwa na leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Da muka dawo gida kakata ta zaunar da ni. Ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi. Cewa ta yi, "Dawa kika zubar, 'yar nan. Dami guda kika ɗauka kika miƙa wa wani ta saman darni." Maganar nan ta shige ni har ɓargo. Tun daga ranar ban ƙara ganin shara a ƙasa ban ji kamar hatsi ne ya zube ba, kuma wannan tarbiyyar da nake alfahari da ita ita ce ta kai ni ta baro.

Bayan an gama girbi Fulani kan sauka a gonarmu da shanunsu. Shanu su ci kara su bar mana taki, babana ya ƙara musu da damin gero, ba takarda ba shaida, haka aka gada. Ina son lokacin nan fiye da salla. Da yamma ki ji kukan maruƙa da muryar mata suna kiran shanu kowacce da sunanta, ga ƙamshin hayaƙin kashin shanu ya gauraye da na ɗanyen nono. A nan na sami ƙawata. Sa'ata ce, siririya, mai baki kamar reza. Ranar farko ta same ni ina tsince kashin jaki a hanya ina zubawa a ƙwarya, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Aradu Kaɗo abin mamaki ne. Kashi kuke tarawa kamar dukiya?"

Na ce, "Mu tarawa muke yi. Ku da kuke bin bayan mai yin sa dare da rana fa?"

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ranar ba ta ƙara kirana da wani suna ba sai Kaɗo. Muka girma, aka yi mana aure kusan lokaci ɗaya, rugar mijinta ta kafu a gindin dutsen da ke gabas da mu ba su ƙara tashi ba. Ta zo mini barka sau tara, na je mata sau shida. Mun yi wa juna gaisuwar mutuwar 'ya'ya, daga baya muka yi ta maza. In na ƙirga mutanen da suka san ni da kitson yarinta, ita kaɗai ta rage.

Leda ba da faɗa ta shigo mana ba. Ta farko da na mallaka daga kasuwar Kazaure maigidana ya kawo mini sabulu a ciki, fara ce mai zane. Na wanke ta, na shanya, na ninke na sa a ƙasan adaka kamar wani abin gado. Wa ya ga abin da ruwa ba ya ratsa shi, ba ya tsagewa kamar ƙwarya, ba nauyi? Sannu a hankali sai ga ta ko'ina. Gishiri a leda, manja a leda, koko a leda, har ruwan sha aka ƙulle a leda ana cewa fiya wata. Gyartai ya daina biyowa, ba a ma san ranar da ya daina ba. Kalgo ya huta da tsinka. A daidai lokacin kuma takin zamani ya shigo, buhu ɗaya a bayan babur ya maye jigilar jaki ta sati biyu, maza suka sayar da jakunan. Matan yanzu suka rasa inda za su kai shara. Wasu su watsa a kwata, wasu a kududdufin da muka koyi wanki a bakinsa, wasu su jira iska ta yi musu aikin. Ni kuwa in na wuce na ga shara jibge a lungu sai zuciyata ta yi zafi, in ce wannan wace irin asara ce.

Sai na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ta kawo shararta jujina. Suka dube ni kamar na zautu, sannan suka yi ta godiya. Wata amarya har da cewa, "Ai da ma an ce babba juji ne, Inna." Na yi dariya, a raina ina cewa yaran nan ba su san abin da suke kyautarwa ba. Abin da kakata ta ja kunnena a kan ƙwarya ɗayansa, ga shi ana kawo mini bokiti-bokiti har gida, tsuntsu daga sama gasasshe. Jujina ya yi ta tashi har ya fi darni tsawo. Ina ganin baƙin abu na leƙowa ta jikinsa, amma ban taɓa ganin abin da juji ya kasa cinyewa ba. Ƙashi ma yana ci, ƙaho ma yana ci in an ba shi lokaci. Na ɗauka ita ma ledar lokaci kawai take buƙata.

Ina da 'yar gayauna da na gada daga babana, a gindin wani gawo, hanyar rugar ƙawata. Da bazara ta kama na ce wa babban ɗana, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya ɗaura amalanke a kwashe jujin a kai can. Ya je ya caka shebur, ya ɗago, ya daɗe yana kallo.

"Inna, wannan fa ba taki ba ne. Rabinsa leda ce."

"Za ta ruɓe."

"Ba ta ruɓewa, Inna. Ki bari in sa miki na zamani, wannan a san yadda za a yi da shi."

"Da takin juji aka noma abin da ka ci ka yi wannan gemun. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Mutum ne mai furfura a lokacin, amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ya kwashe ya kai. Shekara uku a jere yana kwashewa yana kaiwa, kowace shekara sai ya faɗa sau ɗaya, ni kuma in rufe masa baki. Na ga fartanya tana fito da leda a kowane sara. Na ga ruwa na kwanciya a wasu wurare ya ƙi shiga ƙasa, gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Na ce ruwan bana ne bai zauna ba. Sabo turken wawa, kuma ni ce a ɗaure.

Ita kuwa ƙawata duniya ta riga ta rage mata. Gonaki sun cinye burtali, 'ya'yanta maza biyu suka kora garken suka yi kudu, sai dai a ji muryarsu a waya. Na ukun yana gadi a Kano, kullum aike yake ta tattara ta koma wurinsa. Abin da ya rage mata saniya ɗaya ce mai farin goshi, Wule take ce mata, jikar jikar wadda mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Da nonon Wule take sayen gishiri da goro, ba ta roƙon kowa. Sau uku Wule na haihuwa duk maza, duk an sayar. Ta sha gaya mini, "Kaɗo, muddin Wule na tsaye ina nan. Ranar da ba ta, ba ni da abin da zan ce wa yaron nan." Ni kuma na san in ta tafi ba ni da sauran wanda zan ce wa "kin tuna?"

Da rani kiwo kan gagare ta, ga tsufa, ga ba fili. Ni da bakina na ce ta riƙa kawo Wule gayaunata, kamar yadda iyayenmu suka yi. Na hana kowa taɓa karan, ko na hura wuta. Kullum da hantsi sai ta jawo ta, ni ma in dogara sanda in fito, mu zauna a inuwar gawo muna taunar goro muna cin naman mutanen da suka riga mu. In kara ya ƙare sai mu ga Wule ta sa baki a ƙasa tana lasa, tana tona da hanci. Ledar da aka ƙulla gishiri ko mai ko miya, ɗanɗanon ba ya barinta, dabba kuwa ba ta san bambanci ba. Wannan yanzu na san shi. A lokacin cewa nake, "Kin ga albarkar taki, har ƙasar ma daɗi take yi mata." Wata rana na hangi baƙin abu na lilo a bakinta, na ce 'ya'yan gawo ne. Rani biyu muka yi a haka.

Da farkon damina wani garke ya biyo zai wuce Babura ya haura Nijar, ƙawata ta roƙi makiyayan aka haɗa Wule da bijiminsu. Bayan 'yan watanni nono ya ɗauke, ciki ya fara fitowa. Ranar da ta zo gaya mini, rawa ce kawai ba ta yi ba a tsakar gidana. Ta ce wannan karon mace ce, ta gani a mafarki, har ta zaɓa mata suna. Muka shiga ƙirgen wata. Na riƙa tara mata dusa, ina jiƙa kanwa ina aikawa. Da aka yi girbi na ce maza a dawo da ita gayauna, mai ciki ba ta zama da yunwa. Cikin ya yi ta girma, ɓangaren hagu ya fi tashi. Sai dai haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa, gashi ya tashi tsaye, kashinta ya koma ɗan kaɗan mai tauri. In ta ci loma biyu sai ta tsaya ta yi shiru da kai a ƙasa. Na ce ɗan ne ke shanye ta, babba ne. Ƙawata ta ce haka ne. Wata tara ya cika, muka ce yau ko gobe. Na goma ya shiga, Wule ta fara haɗa hanya in tana tafiya.

Ɗana ne ya hau babur ya je Roni ya ɗauko malamin dabbobi, ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Mutum ne mai natsuwa. Ya gaishe mu, ya zagaya saniyar, ya danna cikin da dunƙulen hannu, wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ya sa hannu ya duba ta ciki. Da ya gama ya wanke hannu ya zo ya tsuguna a gaban ƙawata.

"Inna, sai dai haƙuri. Babu ɗa a cikin nan."

"To mene ne?"

"Leda ce. Ta cika tumbin, ba inda abinci zai zauna. Da an gane da wuri ana iya tsagawa a cire, amma yanzu ba ta da ƙarfin da za ta tashi daga aikin." Sannan ya ce, "A ina take kiwo?"

Ɗana ya dubi ƙasa, bai ko juyo inda nake ba. Wallahi da ya buɗe baki ya ce "na faɗa miki" da na fi samun sauƙi.

Kwana huɗu bayan nan Wule ta kwanta ta kasa tashi. Aka kira mahauci kada ta zama mushe. Ƙawata ta shafa farin goshin nan, ta faɗa mata wata magana da Fillanci, ta shige bukka ta saki asabari. Ni na tsaya. Na ce idon da ya ƙi gani shekara uku yau sai ya gani. Da aka farke tumbin wani wari ya taso, mahaucin ya sa hannu biyu ya jawo wani dunƙule, ya kasa, sai da ɗana ya kama masa. Abu ne murɗaɗɗe kamar gammon ƙato, ya yi tauri. Baƙar leda, ledar fiya wata, zaren buhu, igiyar silifa, duk sun saƙe da juna. Suka ajiye shi a ƙasa ya yi tim. Wannan shi ne 'yar maraƙar da muka yi wata goma muna jira, har da suna. Mahaucin ya ce shi ya saba, ba a sati bai ciro irinsa a akuya ko tunkiya ba, sai dai bai taɓa ganin mai girman wannan ba. Naman kuwa ba auki, duk ya zama ruwa.

Na ɗaga asabarin na shiga. Tana zaune a bakin gadon kara, ta haɗa hannuwa a cinya, idonta a bushe. Na durƙusa duk da gwiwar nan tawa.

"A gayaunata ta ci. Ni na kai ledar nan da hannuna."

"Na sani. Ni ma ina zaune a wurin ai." Ta numfasa. "Tun wata na bakwai nake sa kunne a cikinta ban ji motsi ba. Na san ba ɗa. Na ƙi faɗa ne, don in na faɗa ya zama gaskiya."

Da na yi shiru a nan, da mun raba laifin biyu kowa ta ɗauki nata. Amma sai na faɗa mata sauran.

"Ɗana ya gaya mini. Tun shekarar farko ya ce ba ta ruɓewa. Sau uku yana faɗa ina hana shi."

Ta ɗago ta dube ni. Shekara sittin da wani abu na san fuskar nan, ban taɓa ganin ta haka ba.

"Ya gaya miki?"

"Ya gaya mini."

A waje ana sara ƙashi, kowane sara sai na ji shi a ƙirjina. Can ta ce, "Allah ya riga ya rubuta. Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo." Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Na fito na bi hanya ni kaɗai, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar maigidana.

Washegari na ɗauki buhu na tafi gayauna. Na sunkuya ina tsinta, wadda ke sama da wadda ta nutse sai an tona. Wata in na ja sai ta fito da saiwar gero a naɗe a jikinta, ta ƙi ratsawa ta lanƙwashe. Kafin azahar buhu ya cika, ban gama ko faɗin tabarma biyu ba. Na zauna ina kallon buhun, sai na ga ban san inda zan kai shi ba. In na ƙona, hayaƙin ya shaƙe jikokina, mai asma a cikinsu ta kwana tari. In na binne, abin da na yi tun farko ke nan. In na jefar a bayan gari, akuyar wani ce za ta ci. Duk hikimar kakata ba ta bar mini amsar wannan ba, don ita ba ta taɓa riƙe abin da ƙasa ta ƙi karɓa ba. Na hana matan unguwa kawo shara, suka koma zubawa a kududdufi, yanzu ruwansa ko jaki ba ya sha. Tawa sharar nakan zauna in tsince ta da yatsa, toka da kashin awaki gefe guda, leda gefe guda a tsohon buhu. Buhunan suna nan jingine a bayan ɗaki, sun kai bakwai. Ɗana ya ce ko shekara goma za a yi ana tsinta gayaunar ba za ta koma yadda babana ya bar ta ba, kuma wannan karon ban ce masa komai ba.

Ba a yi wata ɗaya ba ɗanta ya zo daga Kano. Ba ta yi gardama ba, ta riga ta faɗa. Aka kwance bukkar, aka raba kajin. Ranar tafiya da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, zai kai ta Roni ta shiga mota. Ta yi sallama ta shigo da ƙullin kayanta a kai, da wani abu rungume a ƙirji cikin mayafi. Na shimfiɗa tabarma ta ce ba zama za ta yi ba. Ta buɗe mayafin. Ƙwaryar tatsa ce, ta mahaifiyarta, ta yi baƙi da tsufa da man shanu, bakinta ya yi sumul saboda hannu.

"Ungo, ajiye."

"Haba, wannan ai ba abin bayarwa ba ne. Tafi da abarki, kya yi amfani da ita."

"In tatsi me?" Ta tura mini ita a hannu. "An ce can a leda ake sayar da nono."

Na riƙe ƙwaryar. Na raka ta har zaure. Ɗanta ya ɗaga ta ya ɗora a bayan babur kamar yarinya, ban san ta rame haka ba. Ta gyara mayafi, ta dubi gabanta. Suka bi ta hanyar gawo, dole sai ta nan ake fita, suka wuce ta gefen gayaunata. Ina tsaye ina kallo, da suka zo daidai wurin ta juya fuskarta ɗaya gefen.